Zauren 'Yan Kallo: Wai Mai Turi Ne Ya Yanke Ƙarshen Fim Ɗin?

Wasiƙu uku suka zo mini a kan fim ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsallake shafin nan, don zan tone ƙarshen tas.

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. Ni tela ne a Fagge. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wayata wurin masu turi a Farm Centre, na ce a zuba mini fina-finan 'yan sanda masu zafi. A ciki har da wani na Koriya mai suna Memories of Murder. Na hana idona barci sama da awa biyu ina bin rubutun ƙasa, ana ta kashe mata a ƙauye, a kama wannan a saki, a kama wancan a saki. Ina jiran a damƙe bos, kawai sai na ga ɗan sandan ya bar aiki, ya koma bakin kwalbatin da aka fara tsintar gawa, wata yarinya ta gaya masa magana, ya juyo ya zuba mini ido, sunaye suka fara hawa. Washegari na koma na ce wa mai turin ya yanke mini ƙarshe, ya rantse haka ya samo shi. Kawu, akwai na biyu ne? In babu, wa ya yi kisan? Ni na ce saurayin nan ne mai laushin hannu, wanda muke shago ɗaya da shi ya ce ba shi ba ne. Mun yi da shi wanda ya faɗi zai sayi shayi da ƙwai. — Tela, Fagge

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka koma ka ba mai turi haƙuri, bai ci maka ko daƙiƙa ɗaya ba. Na biyu kuma babu. Tun 2003 da darakta Bong Joon-ho ya saki fim ɗin, a nan ya tsaya, kuma da gangan ya tsayar da shi.

Ban ga laifinka ba da ka zargi mai turi. Mu da muka tashi da kallon Indiya a Plaza da Marhaba da El Dorado, mun san ƙa'ida: sai bos ya sha kashi, sai ya mutu ko an sa masa ankwa, sannan 'yan sanda su iso a makare da jiniya. In kuwa namu ne na gida, ko a gama da auren jarumi, ko a rubuta maka mu haɗu a kashi na biyu. Fim ɗin da bai ba ka ko ɗaya ba, dole ka ji kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo.

Mu fara da saurayin naka. Hujjojin da ke kansa ba kaɗan ba ne, ban raina maka ba. Matar da ta tsira daga hannun makashin ta ce ba ta ga fuskarsa ba, amma hannunsa da laushi. Wata 'yar sanda, wadda a ofis kofi kawai ake aikenta ta kawo, ita ta gano cewa duk daren da aka yi kisa, wanda dama an lura daren ruwa ne, gidan rediyo ya sa wata waƙa guda da wani ya roƙa, irin zaɓi-sonka ɗin nan namu. Aka bi katin roƙon, sai ga shi na wannan saurayin ne. Zuwansa garin ya yi daidai da lokacin da kisan ya fara. Daren da aka kashe 'yar makarantar nan ta ƙarshe kuma, gyangyaɗi ya sace ɗan sandan da ke gadinsa, ya ɓace masa. In a majalisar mai shayi ne, an gama shari'a.

To amma ka sake lissafa su a nutse. Laushin hannu, ai duk ma'aikacin ofis yana da shi, kai ma da kake riƙe almakashi wataƙila naka ya fi nasa. Son waƙa ranar ruwa ba laifi ba ne. Mutum ɗaya tak ya ga makashin ido da ido, wato yaron nan mai taɓin ƙwaƙwalwa da 'yan sanda suka fara kamawa suka azabtar, kuma da suka dawo suna nuna masa hoto, bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne, ya ruga kan titin jirgi jirgi ya bi ta kansa. Sai takardar gwajin ƙwayoyin halitta da aka aika Amurka, don a lokacin Koriya ba ta da kayan yin gwajin. Ta dawo tana cewa abin bai dace ba, ba za a iya tabbatar da cewa shi ne ba. Ka ga darakta ya cika maka hannu da zato, sannan ya ƙwace duk abin da za ka iya kai wa gaban alƙali.

Abin da nake so ka koma ka duba shi ne 'yan sandan biyu, don a kansu fim ɗin yake. Park ɗan gari ne, mai cika baki cewa in ya kalli idon mutum ya san ko mai laifi ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi ne duk iliminsa na bincike. Yana ɗaukar takalmin wanda ake zargi ya je ya buga sawu a taɓo don ya samu shaida, har wurin boka ya je. Seo kuwa daga Seoul aka turo shi, ɗan boko mai raina ƙauyawa, shi takarda ya yarda da ita, wai ba ta ƙarya. Yanzu tuna abin da ya faru a bakin ramin nan da jirgin ƙasa ke ratsawa, ruwa na zuba. Mai takarda ya karanta takarda, ya ce ƙarya take, ya ɗaga bindiga zai harbe mutum ba shari'a. Mai karanta ido kuma ya riƙo fuskar saurayin, ya leƙa idonsa ya daɗe, ya ce shi bai sani ba. Abin da ya iya fita daga bakinsa bayan haka, tambayarsa ya yi ko yana samun cin abinci. Kowannensu abin da ya dogara da shi ya karye masa a hannu a wuri ɗaya. Saurayin ya shige duhun ramin da ankwa a hannunsa, ba a sake nuna shi ba.

Tun farkon fim ɗin an ɗana maka tarkon, ina jin kana can kana karanta rubutun ƙasa ya wuce ka. Shugaban Park ya nuna masa samari biyu zaune a ofis, ya ce ɗaya fyaɗe ya yi, ɗayan kuma yayan yarinyar ne da ya kamo shi, to mai ido, wanne ne wanne? Kyamara ta tsaya a kan fuskokin biyu, sai aka wuce. Ba a taɓa ba da amsar ba. Ni na tsayar da hoton na yi ta kallo, na zaɓi na hagu, maiɗakina ta zaɓi na dama, kowa da hujjarsa, kuma duk hujjar ba ta wuce "ka ga idonsa" ba.

Sai ƙarshen. Shekara ta 2003, Park ya bar ɗan sanda, yana sayar da na'urar matse ruwan 'ya'yan itace, ga mata ga 'ya'ya. Hali dai zanen dutse, a wurin karin kumallo ma yana ce wa ɗansa ya kalli idonsa, wai ya san ya kwana wasan kwamfuta. A hanya ya sa aka tsaya a gonar shinkafar nan, shimfiɗe kamar ka bi ta Kura da kaka, ya durƙusa ya leƙa kwalbatin. Babu komai a ciki. Yarinya 'yar makaranta ta ce abin mamaki, kwanan baya ma wani mutum ya zo yana leƙa wurin, da ta tambaye shi ya ce ya tuna wani abu ne da ya taɓa yi a nan da daɗewa. Park ya ce yaya kamanninsa? Ta yi ɗan tunani ta ce kamar kowa, fuska ce irin ta mutane.

Wannan amsar ce ta kashe masa jiki. Mutumin da ya yi shekaru yana neman fuskar mugu, an gaya masa mugu ba shi da kama. Ya waiga nan, ya waiga can, sai ya juyo ya kalli inda mutane suka taru, wato mu 'yan kallo. Daraktan ya sha faɗa a hira cewa ya yi zaton makashin zai shigo silima ya kalli fim ɗin, yana so ɗan sandan ya haɗa ido da shi. Kifi na ganinka mai jar koma. Amma ka lura da idon ɗan wasan, Song Kang-ho. Ba idon wanda ya gano ba ne. Yana dubawa ne kujera kujera, kuma kowa a wurin zai iya zama shi.

Bari in ba ka wani labari nawa, don shi ya sa kallon nan bai bar ni na yi barci ba. Ina ɗan shekara 14 aka sace keken mahaifina a zaurenmu a cikin gari, Raleigh baƙi, da sarƙa da kwaɗo a jikinsa, tsakanin magariba da lisha. Kafin gari ya waye unguwa ta gama yanke hukunci: wani ɗan garuwa ne da ke kawo mana ruwa. Baƙo ne, ba ya yawan magana, idonsa ja kullum, kuma ba ya kallon mutum in ana masa magana. Ina cikin yaran da suka yi ta cewa ku dubi idonsa. Samari suka tare shi a bakin famfo, suka zubar masa da ruwa, suka yi masa dukan da har yau ina jin ƙarar garwar da ke gangarawa cikin kwata. Bai amsa ba, ba a ga keke ba, ya tattara ya bar unguwar. Bayan wata biyu aka sace keken maƙwabcinmu, a zaure, tsakanin magariba da lisha, an buɗe kwaɗon ba a fasa ba. Ranar babu wanda ya ce uffan. Ba a taɓa kama ɓarawon ba. Wanda ya san lokacin da zaure ke zama babu kowa, ai ɗan unguwa ne, muna sahu ɗaya da shi a masallaci, wataƙila ma da shi aka yi dukan. Har gobe in na je gaisuwar mutuwa a unguwar, sai in kama kaina ina bin fuskokin dattawan da ke kan tabarma da kallo, ina yi musu irin kallon Park.

Batun shayi da ƙwai kuwa, ka dakata ka karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce. Ƙanena ya sa na kalli wannan fim, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Fim ai faɗakarwa ne. In an nuna mutum ya kashe mata ya tafi salin alin, me aka koya wa matasa? Mu mun san rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Me zai hana darakta ya nuna ranar mai kayan? — Malama, Gwammaja

Amsa: Malama, barka kadai. Abin da ya hana shi, ranar ba ta zo ba a lokacin. Labarin ba ƙagagge ba ne. Tsakanin 1986 da 1991 an kashe mata 10 a yankin Hwaseong, kudu da Seoul, daga 'yan mata 'yan makaranta har tsohuwa mai shekara 71. An binciki mutum sama da 20,000 ba a samu mai laifin ba. Lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, iyaye da 'yan'uwan matan suna raye, makashin ma ba a san inda yake ba. Da darakta ya ƙago wani bos ya sa an harbe shi a ƙarshe don mu tafi gida da sanyin rai, da ya yi wa waɗannan iyayen ƙarya a bainar jama'a.

Ranar mai kaya ta zo, amma ki ji yadda ta zo. A watan Satumba na 2019, shekara 16 bayan fitowar fim ɗin, gwajin ƙwayoyin halitta na zamani a kan tsofaffin kayan shaida ya nuna wani mutum mai suna Lee Choon-jae. Ba a sha wahalar nemansa ba, yana kurkuku a Busan, an yi masa ɗaurin rai da rai saboda kashe ƙanwar matarsa a 1994. Ɗan yankin Hwaseong ɗin ne. Ya taɓa shiga cikin waɗanda aka bincika, aka sake shi, kuma cikin dalilan har da cewa 'yan sanda sun ɗauka jinin makashin rukunin B ne, shi kuwa nasa O. A gidan yari an san shi da ladabi da bin doka. Ya amsa kisan mutum 14. Duk da haka ba a iya gurfanar da shi a kan waɗannan ba, don dokar ƙasar a lokacin ta ba da wa'adin shekara 15 ne a tuhumi mai kisa, wa'adin na ƙarshe kuma ya cika a 2006. Sun soke wannan wa'adi a 2015, amma sokewar ba ta waiwayi shari'ar da ta riga ta rufe ba.

Ga wanda ya fi ci mini rai. A kisa na takwas, na wata yarinya 'yar shekara 13, 'yan sanda sun kama wani saurayi a 1989, mai ɗingishi saboda shan inna. Suka hana shi barci, suka azabtar da shi har ya amsa. Ya yi shekara 20 a kurkuku, aka sake shi a 2009. Sai da Lee ya ce shi ya yi wannan ma, aka sake shari'ar, kotu ta wanke mutumin a watan Disamba na 2020. Ya shiga yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka ba shi haƙuri ya haura hamsin. Wato a duniyar gaske an samu irin ƙarshen da muke so, an kama wani an ɗaure an rufe fayil, jama'a sun yi ajiyar zuciya, kuma ba shi ba ne.

Don haka in faɗakarwa kike nema, akwai ta, sai dai ba makashin aka nufa da ita ba. Dubi abokin aikin Park, mai tsalle ya tokari wanda ake tuhuma da ƙafa, har yana sa wa takalminsa riga don kada duka ya bar tabo. Ƙusa mai tsatsa ta soki ƙafar, ta ruɓe, aka yanke ta. Dubi daren da aka tabbata za a yi kisa, ruwa na zuba waƙar na tashi a rediyo, aka nemi ƙarin jami'ai aka ce babu, duk an kwashe su sun tafi murƙushe zanga-zanga. Zamanin mulkin Janar Chun Doo-hwan ne. Dubi atisayen kashe fitilu da gwamnati ke sa mutane yi, a busa jiniya kowa ya rufe ƙofa gari ya yi duhu, a cikin wannan duhun aka kashe 'yar makarantar. Wanda ya rayu a ƙarƙashin soja a ƙasar nan ba sai an yi masa fassara ba.

Na yarda da ke a abu ɗaya: ba fim ɗin yara ba ne, akwai gawarwaki da maganganun da ba za ki so ɗalibanki su ji ba. Amma barin labari a buɗe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata tana da irin tatsuniyar nan da ba ta ƙarewa da kowa ya ci, sai ta kawo mutum uku kowa ya yi bajinta, ta ce to a cikinsu wa ya fi? Ta ce ƙurunƙus, ta juya ta yi kwanciyarta, ta bar mu muna musu har barci ya kwashe mu.

Shi kuwa Lee, da ya zo ba da shaida a kotu a 2020, an tambaye shi fim ɗin. Ya ce ya kalla, bai ji komai ba.

Saura tela da abokinsa. Saurayin cikin fim ba Lee ba ne, tunda an rubuta shi ne ba a san da Lee ba, kuma fim ɗin bai wanke shi ba, bai kuma kama shi ba. Ba wanda ya ci. Kowa ya sayi shayinsa, ku haɗa kuɗin ƙwai ku kai wa mai turi.

Tambaya: Kawu, ni fa ina ganin Park ɗin ne da kansa makashin. Shi ya sa ya koma kwalbatin, shi ya sa ya yi wannan kallon. Ko ya ka gani? — Ɗalibi, Kabuga

Amsa: Ɗana, ka rage kallon fina-finan da ake juya ƙarshe. Akwai daren da aka yi kisa Park yana ofis tare da sauran, suna ta rigima a gaban shugabansu waƙar na tashi a rediyo. Yarinyar kuma da shi ta gani kwanan baya, ai da ta ce kai ne ka sake dawowa. Wani mutum ta ce, tana kallon fuskarsa. Mai laifi yana komawa inda ya yi ɓarna, gaskiya ne, amma wanda abu ya gagara ma yana komawa. Ni kaina ban taɓa wuce bakin famfon nan na unguwarmu ban waiga ba, ko da yake an daɗe da cire shi, shagon cajin waya ne a wurin yanzu.